Malam-Buɗe-Littafin Da Aka Harbo Da Bindiga

A 1906 Bature Albert Meek ya hango wani malam-buɗe-littafi yana shawagi can ƙololuwar itatuwa a tsibirin Niyu Gini. Raga ba ta kai wurin ba, sai ya harbo shi da bindiga. Aka raɗa masa sunan Sarauniya Alexandra ta Ingila.

Duk duniya babu irinsa a girma. Macen, mai ruwan ƙasa, faɗin fukafukanta kan kai santimita 25, namijin kuwa ƙarami ne, kore da shuɗi, sai sheƙi. Tsutsarsa ganyen wata kurangar daji mai dafi take ci, shi ya sa tsuntsaye ke shakkarta.

Mazauninsa kurmin lardin Oro da ke wannan tsibiri ne kaɗai. Aman wutar dutsen Lamington a 1951 ya cinye wani yanki, yanzu kuma, abin takaici, gonakin kwakwar manja na lashe sauran.