TSOHON AMALANKE DA TAMFOL: AIKIN DA KE JIRAN MANOMAN SUNDIMINA KAFIN KAKA

Da zarar damina ta ja baya, gero ya nuna a gonakin Sundimina da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Birnin Kudu da maƙwabciyarta Gwaram, babu abin da ke cin ran magidanci kamar tunanin yadda zai kwaso amfaninsa ya kawo gida. Noma dai an yi, Allah kuwa ya ba da ruwa, saura dako. A wannan yanki na kudancin Jihar Jigawa, inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, hanyoyin gona kuma sukan zaizaye kowace shekara, har yanzu amalanken shanu shi ne motar talaka. Shi ke kai taki gona da bazara, shi ke kwaso dammunan gero da dawa da kaka, shi ke kai buhuna kasuwa irin ta Sara, wani lokaci ma shi ke fito da marar lafiya bakin titi.

Darajarsa ta ƙara tashi tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a wurare da dama. Kuɗin hayar mota ya bi sawu. Sai dai kuma ƙarfe da katako da taya su ma ba su tsaya ba, saboda haka wanda ba shi da ƙarfin ba da aikin sabo, sai ya nemi na hannu, watau wanda wani ya mora ya gaji. A nan ne ake samun riba, a nan ne kuma ake tafka asara, domin araha ba ta ado.

Kalmar amalanke dai aro ce daga Yarabanci, amma aikin ya daɗe da zama ɗan gida. Tun wajen ƙarshen shekarun 1920 Turawan aikin gona suka fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu. A farkon shekarun 1980 hukumar KNARDA ta tsohuwar Jihar Kano, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa, ta ƙarfafa wannan aiki, bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 kuma JARDA ta gaje ta. Amalanken da aka fi gani yau aikin masu walda ne na cikin gari: sukan samo ƙarfen ƙafafun tsohuwar mota, su ɗora masa firam, kafinta ya shimfiɗa katako. Ba abin mamaki ba ne a tarar da ƙarfen Peugeot, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, yana bin bayan bijimai biyu, shekaru da yawa bayan motar kanta ta zama tarihi.

WANKI KAFIN CINIKI

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi cinikin amalanke da ƙazantarsa. Busasshiyar laka da taki sukan rufe tsaga, sabon fenti kuma, idan an shafa shi a gurguje daf da ranar kasuwa, yakan rufe tsatsa. Mai saye mai hankali yakan nemi a kankare, a zuba ruwa, sa'an nan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Saman amalanke rana na busar da shi. Ƙarƙashin ne ke kwana da danshi.

Dalilin lalacewar kuwa a fili yake. Takin dabbobi yana riƙe ruwa, yana kuma cin ƙarfe. Takin zamani ya fi shi ɓarna, domin gishiri ne, yana jawo laima daga iska. Buhun yuriya ɗaya da ya fashe a watan Yuli, aka bar garinsa a kusurwoyi ba a wanke ba, ya isa ya huda ƙarfen da ya yi shekaru yana aiki lafiya. Saboda haka wuraren dubawa su ne kusurwoyi, da inda katako ya kwanta a kan ƙarfe, da duk inda aka yi walda, musamman mahaɗar sandar ja da firam, wadda nauyin kaya da fizgar shanu duka suke haɗuwa a kanta. A ɗan ƙwanƙwasa da guduma. Ƙarfe mai lafiya yana da amo. Wanda tsatsa ta cinye ta ciki yakan yi ƙara a dushe, ya zubo da ɓawo.

Tsatsar sama ba abin tsoro ba ce. Buroshin waya da samfefa sun ishe ta, a goge har sai farin ƙarfe ya bayyana, a share ƙurar, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa a ranar, kada a bari ya kwana raɓa ta sauka a kai. Bayan ya bushe sosai sai a bi da fentin mai, shafi biyu marasa kauri, domin sun fi shafi ɗaya mai kauri daɗewa. Amma inda ƙarfe ya huje ko ya tsage, fenti ba magani ba ne. Dole mai walda ya yanke ruɓaɓɓen har ya kai ga mai kyau, ya ɗora sabo ya wuce bakin tsagar ta kowane gefe. Waldar da aka ɗiga a kan tsatsa ado ce kawai, ranar da aka ɗora buhu goma za ta nuna halinta.

Akwai wani haɗari da ya kamata kowane mai walda ya sani, ya kuma gaya wa yaransa. Ba a yin walda a jikin wili alhali taya na kansa, ko da an sace iskar. Zafi yana sa robar ta fara ƙonewa ta ciki ba a gani, iska ta taru, taya ta fashe da ƙarfin da zai iya kashe mutum, wani lokaci bayan an riga an ajiye kayan aiki. A cire taya ɗungum tukuna.

BORIS DA TAYA

Ran amalanke yana cikin boris. Gwajinsa kuwa ba ya bukatar kuɗi: a ɗaga gefe ɗaya, a tokare da kututture mai ƙarfi, a juya ƙafar da hannu. Idan tana gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, ko kuwa aka kama ta sama da ƙasa aka girgiza aka ji tana lilo, to akwai magana. Sai a kwance, a wanke boris da kananzir, a duba. Wanda ya yi ramuka ko ya sauya launi saboda zafi ya gama aiki, a sake shi. Mai kyau kuwa a cusa masa sabon giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Wajen ɗaure noti ake yawan kuskure: wanda aka matse ƙwarai yana ƙona boris, wanda aka bari sako-sako yana cinye ƙarfen. A ɗaure har lilon ya ɓace, ƙafar kuma tana juyawa ba tare da nauyi ba, sa'an nan a mayar da ƙusar da ke hana notin warwarewa. Murfin da ke rufe wurin ƙaramin abu ne, galibi ma ya daɗe da faɗuwa, amma in babu shi yashi zai shiga giris ya zama samfefa. Ko gwangwani ne a yanka a rufe.

Wanda ya fi kowa jin daɗin wannan gyara bijimi ne. Amalanken da borisansa suka bushe yana ƙara wa dabba wahalar ja, ga shi kuwa an fito daga huɗa da bankasa, jiki bai gama murmurewa ba.

Game da taya, tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yi a Legas a 2008, tayar waje ta cika kasuwa, mai amalanke kuwa wadda mota ta yar yake samu. Wannan ba laifi ba ne, tun da ba gudu ake yi ba, zanen taya bai dame shi ba. Abin dubawa shi ne gefenta. Idan ya yi tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, ko ya kumbura, ba za ta kai ƙarshen kaka ba. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wadda aka rubuta wa 2315, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2015. Ya kyautu kuma tayoyin biyu su zama girma ɗaya, in ba haka ba amalanke zai riƙa karkata, karkiya ta riƙa gurzar wuyan sa guda.

Katako ba ya bukatar dogon bayani. A soka masa tsinin wuƙa. Inda ta nutse, gara ko ruɓa sun riga mai saye. Mutane da yawa sukan shafe katako da baƙin mai don korar gara, yana kuwa yi, amma wurinsa ƙarƙashi ne kaɗai. Saman da za a ɗora abinci a kai bai kamata ya ga baƙin mai ba, haka nan taya, domin mai yana lalata roba.

TAMFOL

Abokin tafiyar amalanke shi ne tamfol, kuma shi aka fi wulaƙantawa. Da shi ake rufe kaya idan ruwan ƙarshe ya tarar da mutum a hanya, a kansa ake kaɗe riɗi da shanya gyaɗa da wake, shi ne kuma rumfar mai gadin gona idan an kafa shi a jikin amalanke.

A Amurka da Turai akwai wata ƙaramar tirela da iyali ke ja da mota idan za su shaƙatawa a daji. Rufinta mai tauri ne, bangonta na tamfol, ana murɗa hannu ta tashi ta zama ɗaki, a naɗe ta idan za a tafi. Su nishaɗi suke yi da ita, manomin Sundimina kuwa abinci yake nema, amma cutar kayan iri ɗaya ce: tsatsa, da busasshen boris, da hunhuna. Ƙa'idar da masu irin wannan tirela suka fi riƙewa ita ce ba a naɗe tamfol da danshi, in kuwa dole ta sa, a buɗe shi da zarar an isa gida.

Tamfol iri biyu ne, wankinsu kuma ya bambanta. Akwai mai nauyi na zaren auduga, irin na manyan motoci, wanda aka jiƙa da maganin hana ruwa tun daga masana'anta. Wannan ba ya son omo, balle soda ko ruwan bilic: suna wanke maganin, su raunana zaren. A shimfiɗa shi a rana ya bushe, a kakkaɓe laka da hunhuna da buroshi mai laushi, sa'an nan a bi da ruwa da ɗan sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a kan igiya har sai ɗinkin da bakin sun bushe, domin su ne ke riƙe ruwa bayan tsakiyar ta bushe. Yagarsa aikin baduku ne: faci daga irin ƙyallen, ya fi ramin faɗi ta kowane gefe, a lanƙwashe bakinsa, a yi ɗinki layi biyu, a goga kakin kyandir a kan ramukan allura. Na biyu shi ne na roba, har da shuɗin nan mai araha da tsofaffin allunan talla da ake yankawa a sayar. Wannan yana jure sabulu, amma rana ce ajalinsa. Idan ya fara yin gari a hannu ko yana karyewa a wurin ninki, faci ɓarnar kuɗi ne.

Wannan tsafta ba ta ado ba ce. Gyaɗar da aka rufe da danshi tana yin hunhuna, wata hunhunar kuwa tana haifar da gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Riɗin Jigawa yana tafiya har ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya, inda ake auna shi kafin a karɓa. Ba a manta ba cewa a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Tamfol ɗin da ya rufe taki da maganin feshi da damina, ba daidai ba ne a shanya abinci a kansa da kaka sai an wanke shi. Wanda yake da hali ma ya raba: wannan na taki, wannan na hatsi.

Idan gyara ya kammala, saura lodi da hanya. Amalanke mai ƙafa biyu ma'auni ne. Kayan da suka yi gaba suna danne wuyan shanu har su yi gyambo, waɗanda suka yi baya kuma suna ɗaga sandar, igiya ta shaƙe su. Mafi nauyi ya zauna a kan ƙafafun, ya ɗan rinjaya gaba kaɗan. Da kaka kuma aiki yakan kai mutane dare, amalanke ya hau kwalta ba fitila, direban da ya taso daga Birnin Kudu ba zai gan shi ba sai ya zo daf. Ledar nan mai ƙyalli, ja da fari, da ake mannawa a bayan manyan motoci, ana samunta wurin masu kayan gyaran mota. A goge katakon baya ya bushe, a manna ta hagu da dama, a ƙara da 'yan ƙananan ƙusoshi, domin gam kaɗai ba ya daɗewa a jikin katako idan hunturu ya shigo.