Idan Tagwayen Faifai Suka Ƙi Tashi, Kada a Yi Gaggawar Fomat

A Tambuwal da Kebbe, takardun da a da ake jibgewa a kabad sun fara komawa cikin kwamfuta: sakamakon ɗalibai, katin marasa lafiya, lissafin albashi, har da hotunan biki da masu situdiyo ke ajiye wa jama'a. Masu ɗan hali kan sayi babbar kwamfutar ajiya, wadda ake kira saba, mai faifai biyu da aka haɗa ta yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya, nan take ya shiga ɗayan. Sunan wannan tsari RAID 1, kuma sunan ya samo asali ne daga wata takarda da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka fitar a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka a 1988. Sai wata safiya a kunna na'urar ta tsaya cak a baƙin allo, ko ta tashi amma ma'ajiyar ta yi ɓatan dabo. A mafi yawan irin wannan hali bayanan suna nan daram. Abin da ke hallaka su shi ne hannun mai gaggawar gyara.

Babban mai laifi a yankinmu wuta ce. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba ta a Sakkwato da Kebbi da Zamfara, kuma ba a manta duhun Oktoban 2024 ba, lokacin da jihohin Arewa da dama suka shafe kwanaki babu wuta. Tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta, saba kan mutu tana tsaka da rubutu. Kowane faifai yana da wata 'yar alama a jikinsa da ke ƙirga sau nawa aka sabunta haɗin. Idan wuta ta tafi ɗaya ya ƙirga, ɗayan bai kai ga ƙirgawa ba, sai lambobin su saɓa. Da aka sake kunnawa, kwamfuta za ta ga shaidu biyu da maganarsu ta bambanta, wani lokaci ta ƙi yanke hukunci da kanta. Wannan ƙin tashi da ke tayar wa mutane hankali, taka-tsantsan ne aka gina mata da gangan.

Akwai dalilan da ma ba su kai haka ba. A kan allon uwar kwamfuta akwai wani batiri mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe saitin farko. In ya mutu, saitin kan koma yadda ya fito daga kamfani, na'urar ta manta cewa faifan nan tagwaye ne. Alamarsa a fili take: agogon kwamfutar ya koma wata tsohuwar shekara. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu, da kan haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, su ma suna cin wayoyin da ke haɗa faifai da allon uwar kwamfuta. A kwamfutocin da ke amfani da Linux kuwa, sau da yawa suna ne kawai ya canza: ma'ajiyar da aka rubuta a takardar fstab da sunan md0 sai ta fito a md127, na'urar ta yi ta jiran abin da ke gabanta. Maganin wannan shi ne a rubuta lambar shaidarta ta dindindin, wato UUID, maimakon sunan.

Saboda haka aikin farko dubawa ne. A saurari faifan da kunne. In ana jin ƙas-ƙas a kai a kai, a kashe nan take, wannan ya fi ƙarfin gyaran shago. In shiru ne, mai gyara ya karanta alamar kowane faifai da manhajar mdadm ta Linux, ya rubuta a takarda wanne ne ƙidayarsa ta fi yawa, ya manna masa salatif. Daga nan a buɗe wannan faifan, wanda shi ne mai sabon bayani, don karatu kawai, a kwashe komai zuwa wani faifai na uku. Duk wani saƙo da ya fito yana neman a yi fomat, ko a ƙirƙiri sabon haɗi, amsarsa a'a ce. Haɗari mafi muni shi ne a sake haɗa tagwayen ta bai-bai, wanda ya tsaya tun watanni baya ya shafe mai sabon bayani. Wannan kuskure ba ya gyaruwa, ko an kai faifan kasuwar kwamfuta ta Ikeja.

Wani zai ce ai mutane na layi a waje, kuma gwanin yana can Sakkwato ko Birnin Kebbi, wa zai jira? Ƙorafin yana da hujja, musamman ga mutumin Kebbe da ba kullum hanya ke yi masa daɗi ba. Amma a auna: jiran kwana biyu ana rubutu da biro a littafi, ko asarar rajistar shekara biyar? Har ila yau, ɗaukar hoton allon da waya a tura wa masani ta WhatsApp kafin a taɓa komai ba ya cin ko awa guda.

Wani kuma zai ce, to ina amfanin kuɗin da muka kashe a faifai biyu? Amfaninsa guda ne tak: in ɗaya ya mutu, aiki ya ci gaba. Ba ya hana komai bayan wannan. Abin da aka goge bisa kuskure, a duka biyun yake gogewa; in ƙwayar cuta ta shiga, ko wuta ta zo da ƙarfi, tare suke tafiya, ballantana da yake galibi rana ɗaya aka saye su, tare kuma suke tsufa. A Janairun 2017 wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya goge ma'ajiyar da ba ita ya yi niyya ba, kamfanin ya yi asarar bayanan kusan awa 6, duk da ƙwararrun da yake da su. Makarantar Dogon Daji ko shagon buga takardu a Kuchi ba su fi shi kariya ba. Faifai na uku da ake kwafa a kai duk ranar Juma'a, a cire shi a kulle a wani ɗaki daban, da UPS mai lafiyayyen batiri da zai ba saba mintunan kashe kanta a natse, kuɗinsu bai kai na sayen sabuwar saba ba.