Ɗan malam buɗe-littafin da ke kwana a gindin ciyawa

Idan damina ta kankama a kudancin Katsina, wanda ya bi iyakar gona a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa yakan tayar da wani ɗan malam buɗe-littafi mai launin ƙasa-ƙasa. Ba ya yin sama. Tashi kaɗan, sauka kaɗan, sai ya faɗa cikin ciyawa ya ɓace. Yara ma ba su cika bin sa ba, sun fi son masu ruwan ɗorawa da ja.

Masana na kiran danginsa Ypthima. Ɗaya daga cikinsu, Ypthima asterope, wani Bajamushe mai suna Klug ne ya fara bayaninsa a 1832, kuma ana samun sa daga busassun filayen Afirka har ƙasar Larabawa da Indiya. Torben Larsen, ɗan ƙasar Denmak, ya tattara ire-iren malam buɗe-littafi na Afirka ta Yamma a littafinsa na 2005, kuma Nijeriya kaɗai tana da iri fiye da 1,000.

Faɗin fukafukansa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. A kowane fiffike na gaba akwai baƙin ɗigo mai zoben rawaya, sak ido. Wannan idon ƙarya ne, kuma dabarar tsira ce. Tsuntsu ko ƙadangare ko ƙoƙi-ƙoƙi yakan kai sara wurin, ya tsira da ɗan yanki na fiffike, mai jikin kuwa ya yi gaba. Shi ya sa ake yawan ganin su da fiffike a yage amma suna tashi lafiya lau. A dangin nan, waɗanda suka fito da rani idanunsu kan ƙanƙance, launinsu ya koma na busasshen ganye. Binciken da Paul Brakefield ya yi a Jami'ar Leiden ta Holan kan wani ɗan'uwansu, Bicyclus anynana, ya nuna cewa zafi ko sanyin da tsutsa ta girma a ciki ne ke zaɓar mata rigar da za ta fito da ita.

Babban yana tsotsar ruwan ƙananan furanni na kusa da ƙasa. Amma tsutsar, wadda ita ce ke cin abinci na gaske, ciyawa kaɗai ta sani. Uwar takan ajiye ƙwai ɗai-ɗai a jikin ciyawa. Tsutsar tana da wutsiya mai baki biyu, launinta ya saje da ganye, da rana ta lafe, da dare ta yi kiwo. In ta ƙoshi sai ta rataye kanta a ƙasa-ƙasa, ta rufe jiki, har ranar da za ta fito da fukafukai. Rayuwarta duka ba ta wuce tsayin gwiwar mutum daga ƙasa ba.

To a nan ne ta gamu da manomin zamani. Yankin Funtuwa ƙasar masara ce da dawa da auduga, kuma feshin maganin ciyawa ya karɓi aikin fartanya a gonaki da yawa. Mai feshi ba ya tsayawa a kan kunya, har iyakar gona yake bi, inda gamba da kyasuwa da harƙiya da ƙiri-ƙiri ke tsirowa. Tun da wata tsutsa mai cin masara ta shigo Nijeriya a 2016, feshin maganin ƙwari ma ya ƙaru, alhali tsutsar ɗan malam ba a san ta da ɓarnar masara ba. Abin da feshi ya rage, wutar daji ta kaka da hunturu ta lashe. Ba a ganin laifin manomi, kuɗin ƙwadago ya yi tsada, amma barin taku biyu na ciyawa a gefen gona bai rage wa kowa buhu ba, ga shi a gamba ake samun zana.

A 2020 gwamnatin tarayya ta sa dajin Kogo na Jihar Katsina cikin dazuzzuka 10 da za su zama gandun daji na ƙasa. Sai dai 'yan bindiga sun hana mutane sakewa a dazuzzukan yankin, manoma da dama sun bar gonakinsu na nesa da gari. Ciyawa ta rufe waɗannan gonaki, feshi bai kai can ba, kuma irin wurin da ɗan malam ke so ke nan, ko da yake babu wanda zai so a kare shi ta wannan hanya.