Gaskiya ko Jita-jita: Shiga Kangon Otal Bayan Gobara

Masu yawon ɗaukar hoto a gine-ginen da aka yi watsi da su suna son sashen wanka da tausa na tsofaffin otal-otal, musamman in gobara ta bi ta wurin. Sukan ce ba abin tsoro, ai wuta ta mutu.

Wannan jita-jita ce. A ranar 17 ga Yuni, 1972, gobara ta tashi a Otal Vendome da ke Boston, Amurka. Sai da 'yan kwana-kwana suka shawo kan wutar, suna ta aikin share wuri, sannan wani ɓangare na ginin ya rufta, ya kashe tara daga cikinsu. Waɗannan fa gwanayen aikin ne, da kayan kariya a jikinsu.

Akwai masu cewa wurin wanka dai kankare ne da tayil, wuta ba ta cin su. Rabin gaskiya ke nan. Kankare ba ya kamawa, amma zafi yana mayar da danshin cikinsa tururi, ya fasa shi, ya tsiraita rodi. Shi kuwa ƙarfe, in zafi ya kai wajen digiri 600, ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Ka ƙara da nauyin ruwan da aka kwarara wajen kashe wutar. Tayil zai nuna maka fuska sumul, ƙasansa kuwa ya gama lalacewa. Ga ramin wurin ninkaya a cikin duhu, ga ɗakin injina inda akan bar ragowar sinadarin kulorin, wanda in ya haɗu da asid yake fitar da iska mai ƙona huhu. A tsofaffin gine-gine kuma ga ƙurar asbesto, wadda cutarta ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa.

To, batun cewa akwai aljanu a kango fa? Ba zan shiga hurumin malamai ba. Amma wanda ya fito daga ginin da bai daɗe da ƙonewa ba yana jiri, kansa na sarawa, yana sambatu, a fara kai shi asibiti. Katifa ko katako na iya ci a ɓoye na kwanaki, suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi balle wari.

Sai zancen cewa kango ba shi da mai shi. Otal Grossinger's da ke jihar New York ya rufe a 1986, wurin ninkayarsa da tsirrai suka mamaye ya yi suna a hotuna, amma duk tsawon shekarun nan filin yana hannun masu shi, shiga ba izini kuma laifi ne. An rushe yawancin otal ɗin a 2018, a 2022 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen da suka rage.