Daga Kofi Zuwa Sikeli: Nauyin Dafaffen Alayyafo

Littattafan girki na Amurka kan auna ganye da kofi mai cin kimanin mililita 240, alhali masana abinci mai gina jiki da giram suke lissafi. Bisa alƙaluman Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, kofi guda na ɗanyen alayyafon Turawa giram 30 ne, amma dafaffensa, bayan an tsane ruwan, giram 180. Zafi ne ke sa ganyen ya yi yaushi, iskar da ke tsakaninsa ta fice, ya lafe wuri guda. Saboda haka ana ninka adadin kofuna da 180: rabin kofi giram 90 ke nan. Matse ganyen ko danna shi cikin kofi kan sauya wannan adadi.

Mai fassara ne ya fi fuskantar tarko a nan. Alayyafon da ake miyar taushe da shi a ƙasar Hausa tsiro ne daban, kuma kofin dafaffensa giram 132 ne. In aka sauya suna aka bar adadi, majinyacin da aka ƙayyade wa kofi guda zai samu giram 48 ƙasa da abin da aka rubuta masa.