Kifin Tabalak da Kasuwar Arlit

Ɗan'uwa masunci, a Arlit babu gulbi, babu tabki. Kifin da ake ci can daga nesa yake zuwa. In naka na Tabalak can zai tafi, ka sani tafiyar ta haura kilomita 500, cikin zafin rana. Mota ta lalace, ƙanƙara ta narke, ɗanyen kifi ya ruɓe: wahalarka ta tashi a banza.

Kasuwa ma tana juyawa. A 2014 aka dakatar da aikin haƙar yuraniyom na Imuraren, kudu da Arlit. A 2021 mahaƙar Cominak ta Akokan ta rufe. Ma'aikacin da ya rasa albashi ba ya sayen kifi.

To, ga shawara:

1. Ka san ranar tashin mota kafin ka shiga ruwa.
2. Ka cire hanjin kifi, ka wanke, ka ajiye a inuwa.
3. Wanda bai samu mai saye ba, ka yi banda tun bai canza wari ba. Kifin banda yana jure tafiya.
4. Kada ka dogara ga dillali ɗaya. Ka nemi na Tawa da na Agadas.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.