Ƙwaron Wake Iska Yake Shaƙa, Ba Sai An Zuba Guba Ba

Duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san labarin. Da kaka ka ɗura buhunanka, ka jingine su a ɗaki, kana lissafin abin da za su kawo in bazara ta yi, lokacin da tiya ke tsada. Bayan wata biyu ko uku ka cusa hannu ka ji tsakiyar buhun ya ɗauki zafi, ka zaro hannun ya yi fari da gari, kowace ƙwaya ta huje, ƙwari suna ta kai da komo. Waken da ya huje ba ya daraja a kasuwa, ba ya tsira da kyau in an shuka shi, mai ƙosai ma da ta gan shi sai ta yi gaba. Tsoron wannan asara ne ke sa manomi ya kwashi wakensa ya kai kasuwa tun da kaka, ya sayar da arha, sannan da damina ya dawo yana aunar wake da tsada don abincin gidansa. Wanda kuma ya ƙudurta sai ya ajiye, sai ya nufi wurin mai maganin ƙwari.

A nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago. Akwai masu yayyafa fiya-fiya ko Sniper a kan wake kafin su ɗura, akwai masu barbaɗa garin maganin da aka yi don feshin gona, akwai masu jefa ƙwayar Phostoxin a cikin buhun da iska ke ratsawa su kuma ajiye shi a ɗakin da yara ke kwana. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper, wanda ake kira dichlorvos, jijiyoyin ƙwaro yake lalatawa, kuma haka yake yi wa jijiyoyin ɗan Adam. Ita kuwa Phostoxin, da ta ji danshi sai ta saki iska mai guba, wadda ke iya kashe mutum a rufaffen ɗaki. An yi ta ne don ƙwararrun masu turara sito, waɗanda suka san ƙa'idar rufewa da buɗewa da kwanakin jira. A shekarar 2008 ɗalibai mata sama da 100 a wata makaranta a jihar Gombe sai da aka kwashe su zuwa asibiti bayan sun ci wake, bincike kuma ya nuna maganin ƙwari ne a cikin waken.

Abin ya wuce gida ya kai ƙetare. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya, saboda an samu dichlorvos a cikinsa daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da suka yarda da ita 0.01 ce. A 2016 suka ƙara wa haramcin shekara uku. Ƙasar da ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, maƙwabciyarta Nijar na biye da ita, ga shi an rufe mata ƙofa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne waken da Bature ya auna ya ce bai dace da cikinsa ba, irinsa ne muke yin alale da ɗan wake da garau-garau da shi, ba mai aunawa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da makamantansa a kasuwanni da kantuna, amma duk mai shiga kasuwar ƙauye ya san doka ba ta kai ko'ina ba.

Kafin a yi maganar mafita, ya kamata a san halin abokin gabar. Mutane da dama na zaton ƙwaron daga ɗakin ajiya yake fitowa. Sau da yawa tun daga gona yake biyo waken. Macen takan manna ƙwai a jikin ƙwayar wake, 'yan farare ƙanana da ido ba ya saurin kamawa. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ba ta fitowa waje, sai ta huda ta shige ciki, ta yi ta ci har ta girma. Cikin mako uku zuwa huɗu, idan akwai zafi, ta zama ƙwaro, ta ɓalle 'yar ƙofa ta fito, ramin nan ke nan da kake gani. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai har kusan 100. To yi lissafi da kanka: kowane wata sabon zubi, kowane zubi ya ninka na baya. Shi ya sa buhun da ka ɗaure yana tas da kaka zai iya zama gari kafin damina.

Amma ƙwaron nan, shi da tsutsarsa, numfashi suke yi kamar kowace halitta. A kan wannan ne masu bincike suka gina aikinsu. Tun a ƙarshen shekarun 1980 Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsa na Kamaru suka fara gwaje-gwaje a yankin Marwa, suna neman hanyar adana wake ba tare da magani ba. Sun gwada toka, wadda kakanninmu suka daɗe suna amfani da ita, suka ga tana aiki idan aka haɗa ta da wake awo ɗaya da awo ɗaya. Sun gwada zafin rana: a baza wake a kan baƙar leda, a rufe shi da farar leda mai ratsa haske, zafin da ya taru ya kashe ƙwai da tsutsa. Wadda ta fi karɓuwa ita ce ta ɗura wake a leda ninki-ninki a ɗaure. A 2007, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, aka soma yaɗa ta da sunan buhun PICS. Cibiyar IITA ta riƙe aikin a Najeriya, a Nijar kuma cibiyar INRAN, inda Dakta Ibrahim Baoua ya yi gwaje-gwaje masu yawa a Maraɗi. A Kano ma ake ƙera buhun.

Buhu ne mai ninki uku: leda biyu masu kauri a ciki, sai buhun saƙa na waje da ke ɗaukar wahalar ɗagawa da saukewa. Idan aka ɗaure shi da kyau, ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shanye 'yar iskar da ta rage. Da ta yi ƙasa sai su daina ci, su daina haihuwa. Binciken ya gano wani abin mamaki: ƙwaron wake ba ya shan ruwa, jikinsa ne ke haɗa ruwa daga abincin da ya ci da iskar da ya shaƙa. In iskar ta ƙare, ruwan ya ƙare, ya bushe ya mutu. Ba ƙwaya, ba gari, ba wari, kuma ranar da ka buɗe, ranar za ka iya ɗora tukunya.

Sai dai buhun ba laya ba ne. Wanda ya ce ya gwada bai yi masa aiki ba, in ka bi sawu za ka tarar an tsallake wani mataki. Wake sai ya bushe ƙayau, a sheƙe shi, a fitar da ɓawo da tsinke da tsakuwa, domin su ne ke huda leda. Danshi a rufaffen buhu ruɓa yake kawowa, musamman ga masara. Mai shakka ya zuba ɗan hatsin a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ya rufe ya girgiza, ya bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai gama bushewa ba. Kafin ɗuri, a cika kowace leda da iska, a riƙe bakinta a matsa, a ji ko tana tsiyayar da iska. Rami kamar na allura ya isa ya ɓata aikin. A saka leda ɗaya cikin ɗaya, a saka su cikin buhun waje, a ɗura, a bar wurin ɗauri. Sai a matse iskar da ke saman ledar ciki, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure. A yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje. Ɗaure su ukun da igiya ɗaya shi ne kuskuren da aka fi yi. A ɗora buhun a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kada rana ta dake shi, a yi yaƙi da ɓera. Kuma a daina buɗewa kullum ana ɗiban na miya. Na ci a ware shi daban, a jarka mai murfi ko durum, waɗanda su ma suna aiki muddin an cika su an toshe. Buhun da aka kula da shi yakan yi kaka uku.

Yadda aka koyar da abin shi ma darasi ne. Malaman gona sun shiga ƙauyuka sama da 30,000 a ƙasashe 10 na Yammaci da Tsakiyar Afirka. Sai a tara jama'a a dandali, wasu manoma su kawo wakensu, a ɗura a ɗaure a gaban kowa, kowa ya koma da nasa gida. Bayan wasu watanni a sake taruwa a kwance, kowa ya sa hannu ya duba. Gani ya kori ji. Manomi ba ya ƙin sabon abu don taurin kai. Buhun wakensa dukiyarsa ce ta shekara, ba zai yi caca da ita a kan maganar rediyo kaɗai ba. Cibiyoyin bincike muna da su, ga IAR da NAERLS a Zariya, ga NSPRI mai hedkwata a Ilori wadda aikinta ke nan, adana amfanin gona. Inda abin ya karye shi ne tsakanin cibiya da rumbu. Ƙauyuka nawa ne yau suka shekara ba su ga malamin gona ba? Inda babu shi, mai shagon maganin ƙwari ne ke zama malami, shi kuwa ciniki ya fito yi.

Wasu za su ce buhun ya yi tsada. Gaskiya ne ya fi buhun saƙa kuɗi, amma a raba kuɗin gida uku, a cire kuɗin magani, a dubi bambancin farashin kaka da na bazara. A kuma yi hattara da na jabu, mai siririyar leda, domin araha ba ta ado. A saya wurin dillalin da aka sani.

Uwargida mai cefane, ke ma da naki aikin. In kin je awo, ɗebi waken ki shinshina. In kin ji warin magani ko kin ga wani baƙon gari a jikinsa, bar shi ko da kyauta ne. Wankewa da tafasawa a zubar da ruwan farko suna rage maganin, amma ba su da tabbacin kawar da shi duka. Idan bayan an ci abinci mutanen gida suka kama amai da gudawa, yawu na dalala, gumi na karyowa, numfashi na sarƙewa, kada a tsaya ɗura manja ko madara, a nufi asibiti nan take, a tafi da ragowar abincin.

Ku kuma 'yan kasuwa masu tara ɗaruruwan buhuna a sito, daga kasuwar Dawanau har kasuwannin ƙauye, waken da kuka yayyafa wa fiya-fiya ba ku san tukunyar da zai faɗa ba, ta yiwu ta gidanku ce. Kafin kakar bana ta shigo, ku nemi buhun, ku nemi wanda ya iya ɗaurin ya nuna muku, ku gwada ko da buhu biyu ne, ku buɗe da bazara a gaban maƙwabtanku.